Yadda Ake Mayar da Tsohon Gidan Gandu Gidan Tarihi

Rumbunan kakanmu huɗu ne, a jere bayan turken jakai: uku na ƙasa, ɗaya na zana. Daminar da na ajiye aikin malamin gona, cikin watan Agusta, aka kwana ana tafka ruwa. Wajen asuba muka ji rugugi kamar an ka da itace. Da gari ya waye muka tarar babban cikinsu ya zame daga kan duwatsunsa ya rabe gida biyu. Shi ne rumbun da ake zuba dawar da ba a taɓawa sai shekara ta yi tsanani. Goggo, ƙanwar mahaifinmu, ta dogaro sandarta ta zo ta tsaya a kansa. Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka ba ta kiran sunana. Ta ce, "Babana, wanda ya gina wannan ya rasu, ɗansa ma ya bi shi, jikan yana can Bauchi yana jan keke Napep. Wa zai tayar mana?"

Ban iya ba ta amsa a ranar ba. Amma daga wannan tambayar aikin ya faro, har ga shi yau malamai suna kawo mana 'yan makaranta su ga gidan. Ƙauyenmu yana ƙasar Ganjuwa, a gefen hanyar da ta tashi daga Bauchi ta nufi Ningi. Na rubuta wannan ne saboda wanda ke da irin gidan nan a Darazo ko Dass ko Dukku ko Kaltungo, yana kallonsa yana narkewa duk damina, ransa na so ya tsayar da shi amma bai san ta inda zai kama ba.

Wasu sun riga mu wannan tunani. A shekarar 1891 wani malami a Suwidin mai suna Artur Hazelius ya ga masana'antu da birane suna cinye rayuwar ƙauye, sai ya riƙa sayen tsofaffin gidajen manoma daga sassan ƙasarsu, ana kwance su ana kai su wani tudu a Stockholm ana sake haɗawa. Wurin shi ne Skansen, yana nan har yau, kuma daga gare shi irin waɗannan gidajen tarihi na fili suka bazu a duniya. To, su yawancin gidajensu na katako ne, ana iya kwancewa a ɗaure. Namu na ƙasa ne, ba a loda soro a mota. Shi ya sa a Jos, a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ake kira MOTNA, wanda masanin gini ɗan ƙasar Folan Zbigniew Dmochowski ya yi wa hidima, sai dai aka gina kwafin masallacin Juma'a na Zariya da wani yanki na ganuwar Kano. Kai da ke ƙauye kana da abin da ya fi kwafi: ginin asali a inda aka gina shi, ga tsamiyar da ke masa inuwa, ga rijiyar da aka ɗebi ruwan kwaɓinsa. Saboda haka ka tsare gida a mazauninsa. Rumbun zana da jinka da akurki ne kawai za ka iya ɗaukowa daga wani wuri.

Magada tukuna

Kafin ka taɓa ko tubali ɗaya, ka tara magada. Gidan gandu na jama'a ne, kuma yawanci abin da ke ka da shi ke nan: kowa na da haƙƙi a ciki, amma ba wanda nauyin gyara ya hau kansa. Mu sai da muka yi zama uku a zaure kafin a daidaita. Wani ɗan baffanmu yana so a rushe a yanka filaye, kuma ban ga laifinsa ba, yana da samari da suka isa aure ba ɗaki. Abin da ya warware maganar shi ne aka auna masa rabonsa daga gonar bayan gida, aka bar tsohon sashen ba a raba ba. Kada ka manta da mata magada, har waɗanda ke aure a wasu garuruwa. Ka taka ka je ka ji ta bakinsu. A rubuta abin da aka amince, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, mai unguwa da liman su shaida, a kai wa dagaci. Idan iyalin sun yarda a mayar da wurin waƙafi ya fi kwanciyar hankali, don ba mai sayarwa bayan ranku. Ta fuskar gwamnati kuwa, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya a kan filayen karkara. A nemi wannan takarda, a ajiye kwafinta a hannun mutum biyu.

Ka je wa liman da wuri. Da an ce "kayan tarihi" wasu sai su tuna gumaka da tsafi, kuma idan wannan maganar ta riga ka shiga gari, ka sha wahala. Ni da na je na ce, "Allah gafarta Malam, rumbu da garma da turmi muke so mu adana, don yara su san da me aka ci da kakanninsu." Ya zo da kansa ya zagaya. Bayan mako guda ya aiko mana da tsohon allon mahaifinsa da kurtun tawada.

Abin da ke biye shi ne wanda aka fi tsallakewa. Kada a yi shara. Matasa idan suka zo da ƙwazo, duk abin da ya tsufa tarkace ne a wurinsu. Mu a yini ɗaya muka yi asarar akumarin jaki da wani tsohon wasaki, aka tara aka cinna musu wuta ina can wajen neman magini, kuma har yau abin yana ci mini rai. Ka ɗauki waya ka yi hoton kowane bango, ciki da waje, da rufi, da daɓe. Ka zana taswirar gidan a takarda ko da ƙafa za ka auna: ga zaure, ga shigifa, ga turaka, ga ɗakunan mata, madafa, turke, rumbuna, rijiya. Sannan ka kama hannun wanda ya fi kowa tsufa a gidan ku zagaya, waya tana naɗar magana. Idan ka ce wa tsohuwa "ba ni tarihi", za ta ce ita ba ta san komai ba. Ka tsayar da ita gaban abu ka ce, wannan na mene ne? Goggo ta nuna mini wani ɗan gurbi a bangon ɗakin kakarmu, daidai kafaɗa, baƙi ƙirin da hayaƙi, wanda tun ina yaro nake wucewa ban taɓa tambaya ba. Ashe nan ake ɗora kaskon fitila, da man gyaɗa da lagwanin auduga. Ta nuna mini dutsen niƙa da ya lotsa a tsakiya har tafin hannu yana nutsewa, ta lissafa mini amaren da suka durƙusa a kansa ɗaya bayan ɗaya. Bayan damina biyu Allah ya karɓi abinsa. Muryarta na nan, na kwafe ta a wuri uku.

Ruwa, siminti da gara

Nan ne ainihin aikin, kuma nan zan daɗe. Ginin ƙasa ruwa ne ajalinsa, na sama da na ƙasa. Ranar da ake ruwa mai ƙarfi ka ɗauki laima ka fita ka tsaya, ka ga inda ruwan ke bi. Duk inda ya kwanta a gindin bango, nan ginin zai fara ciwo. Bango yana jan danshi daga ƙasa, gishiri ya fito fari-fari, yaɓe ya riƙa zuba kamar gari, gindin ya sirance har ya kasa ɗaukar abin da ke samansa. Maganin shi ne a cike gindin bangon da birji a daɓe shi sosai, a yi masa gangare zuwa waje, a haƙa 'yar hanya ta fitar da ruwa bayan gida. Babban rumbunmu abin da ya ka da shi ke nan. Indararon zaure ya karye, ruwansa ya shekara yana zuba kusa da rumbun, ƙasa ta yi laushi, dutse ɗaya cikin waɗanda rumbun ya hau ya nutse, nauyi ya koma gefe guda.

Idan akwai soro, ka hau sama a watan Afrilu, kafin ruwan farko. A share ganye da sheƙar tsuntsu daga bakin kowane indararo, a tabbata ya fito nesa da bango yadda ruwansa ba zai dawo yana lasar ginin ba. Tsaga a rufin soro a toshe ta tun tana kamar zare. Sannan ka shiga ɗaki da wuƙa ka ƙwanƙwasa kowace azara, musamman inda kanta ya shige cikin bango, don nan take fara ruɓewa. Idan ta yi amon fanko ko tsinin wuƙa ya nutse, a tokare wurin da ƙaƙƙarfan itace nan take, a hana yara shiga, sannan a nemi canji. Azara ta giginya ce, kuma magina sun fi son ta namijin giginya saboda tauri. Yanzu ta yi wuya ta yi tsada. Mu abin da muke yi, duk inda muka ji za a rushe tsohon soro a sa bulo, sai mu je mu sayi azarorin kafin a mayar da su makamashi. Tsohuwar azara mai lafiya ta fi sabuwa.

Kada ka shafa wa bangon ƙasa siminti. Na san za a ba ka wannan shawarar, kuma masu ba ka ita da kyakkyawar niyya suke yi. Ƙasa tana shan danshi tana fitarwa, tana kumbura tana tsukewa. Siminti ba ya yin haka. Sai ya rabu da bangon ta ciki, ruwa ya shiga ta tsaga ya rasa hanyar fita, ginin ya riƙa ruɓewa a ɓoye alhali fuskarsa tana kyau. Gaban zaurenmu an yi masa siminti shekarun baya. Da na ƙwanƙwasa sai na ji kamar ganga. Muka ɓamɓare, ya faɗo falle-falle, bayansa ƙasa jiƙaƙƙiya kamar kunu da hanyoyin gara sun yi zane har sama. Haka ma rufin kwano a kan ɗakin da aka gina don jinka: zafi ya ƙaru, kuma idan bakin kwanon gajere ne ruwansa a gindin bango yake sauka.

Abin da bango ke so shi ne yaɓe, da irin ƙasar da aka gina shi. Tambayi tsofaffi ramin da aka haƙi ƙasar gidan, galibi kududdufin da ke kusa ne. A haƙo, a farfasa, a zuba yankakkiyar ciyawa ko ƙaiƙayi da kashin jaki ko na doki, a jiƙa a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana. Gobe a ƙara ruwa a sake tattakawa. Haka za a yi kwanaki har ciyawar ta yi laushi, ƙasar ta yi danƙo tana kama ƙafa. Wanda ya kwaɓa yau ya yaɓa yau, kafin damina ta raba tsakiya aikinsa ya zube. A kankare duk abin da ya saki a bangon, a yayyafa masa ruwa, sannan a yaɓa da hannu, siriri, a bari ya sha iska a sake bi. A guji tsakar rana da ranar da iskar hunturu ke kaɗawa da ƙarfi, don yaɓen da ya bushe da gaggawa tsagewa yake yi.

Sai makuba. Lokacin da ɗorawa ta nuna a bazara, mata na cire gari da kalwa su watsar da ɓawon. Wannan ɓawon shi ne makuba, ka sa a tara maka shi buhu-buhu. Ana jiƙa shi ko a dafa, ya ba da ruwa ja mai duhu, a kwaɓa yaɓen ƙarshe da shi ko a shafe bango da shi. Yana sa fuskar gini ta yi tauri, ruwa ya riƙa zamewa. Da shi kuma ake yayyafa wa daɓe. Ranar da muka yi daɓen ɗakin kakarmu mata sun fi ashirin, kowacce da madaɓinta, suna bugu suna waƙa, 'yan mata da ba su taɓa gani ba suna leƙe ta ƙofa har suka karɓa. Akwai kuma laso, wanda ake haɗawa da katsi (abin da ke kwantawa a ƙasan ramin rini na marina) da gashin jima da dafara (wani tsiron daji mai yauƙi), da shi ake shafe rufin sorayen manya. Samun katsi ya yi wuya tunda marinu sun mutu a yawancin garuruwa, mu dai har yanzu makuba muke amfani da ita. Wanda ke shakkar abin da ƙasa za ta iya, ya je Kafin Madaki ya ga Gidan Madaki, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Tun 1956 aka sa gidan cikin kayan tarihi na ƙasa. Ka shiga ka ɗaga kai ka dubi bakan gizon rufin, ka tuna ƙasa ce da azara.

Gara kuwa sai da sa ido. A ba mutum ɗaya aikin zagaya gidan duk mako yana duba hanyarta a jikin bango da azara, ya kankare, ya bi ta ya ga daga ina ta fito. Kada a jingina kara ko itace ko tsohuwar zana a jikin gini. A bar kaji su yi kiwo ƙarƙashin rumbuna, suna rage ta sosai. A matsayina na wanda ya yi aikin gona ina roƙonku abu ɗaya: ƙwayar nan mai fitar da iskar guba da ake sa wa buhunan hatsi, kada a sa ta a ɗakin da mutum ke kwana ko kusa da shi, kuma kada a bar ta a hannun yara. Tana kisa.

Wanda zai gina

Na yi wata biyu ina cigiya kafin a kwatanta mini wani dattijo a ƙauye na uku daga namu, wanda ya iya ginin rumbun ƙasa. Na same shi yana saƙar zana a gindin maɗaci. Na gaishe shi na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ce rabonsa da gina rumbu ya manta, yanzu kowa buhu yake zubawa ya kai shago. Na ce, "Baba, sharaɗi ɗaya ne, yara biyu za su tsaya tare da kai daga farko har ƙarshe, kuma hannunsu zai taɓa ƙasar." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, in dai za su jure, ni ma abin da nake nema ke nan."

Wannan sharaɗi ka riƙe shi a kowane aiki, kuma ka biya yaran kuɗin yini kamar yadda za su samu a wajen lebura, in ba haka ba kwana uku za su gudu. Rumbun da aka tayar zai sake tsagewa wata rana, jinka za ta ruɓe, yaɓe zai wanke. Idan babu hannun da ya iya a cikin gari, ka koma inda Goggo ta tsaya da sandarta.

Na zauna na kalli yadda ya yi. Ya fara da duwatsu, ya binne gindinsu ya daddage har ya hau kowanne ya yi tsalle bai motsa ba. Ya shimfiɗa itatuwa masu tauri a kai, ya yi gindin rumbun da ƙasa. Ba ya amfani da tubali. Ƙasar yake mulmulawa doguwa kamar igiya mai kauri, ya ɗora a kewaye, ya matse da yatsu ciki da waje, ya shafe da tafin hannu, kamar yadda mai ginin tukwane ke yi. Taƙi ɗaya ko biyu a yini, sai ya wanke hannu. Yaran suka so a ƙara, ya ce idan ka ɗora ɗanye a kan ɗanye, cikin rumbun zai zauna. A hankali ya buɗe shi ya yi tumbi, sannan ya riƙa tsukewa har ya bar baki a sama daidai shigar mutum ɗaya. Kaurin bangon bai kai faɗin tafin hannuna ba, amma da ya bushe ka ƙwanƙwasa sai ya yi amo kamar randa.

Jinka tana da nata lokaci. Shuci ana yankansa da an ɗauke ruwa, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, kafin shanu da ƙunar daji su riga ka. A busar, a yanta, a ajiye a kan dakali ko rumfa nesa da ƙasa. A ɗaura tanka, a fara baibaya daga ƙasa zuwa sama, kowane layi yana rufe kan na ƙasansa. Jinka ta yi tsini sosai, bakinta ya sauko ya wuce bango. Dattijon nan ne ya faɗa mini abin da ya canza mini tunani gaba ɗaya: ɗakin da ba a hura wuta a ciki, jinkarsa ba ta daɗewa, don hayaƙi ne ke korar ƙwari ya busar da ita. Rumbun da ba hatsi kuma ba mai leƙa shi, ɓera da gara ne za su gaje shi. Da ina tunanin a gyara a kulle, sai baƙi sun zo a buɗe. Daga ranar muka tsara cewa duk Juma'a za a dafa abinci a tsohuwar madafa a hura wuta a ɗakunan jinka, kuma da kaka kowane magidanci a zuriyar zai kawo dami ɗaya na dawa a zuba a rumbu. Idan damina ta yi nisa abinci ya yanke, a buɗe a raba wa gidajen da suka fi buƙata.

Kayan da za a tara

Da mutane sun ga da gaske ake, kaya za su fara zuwa. Ka sayi babban littafi mai bango mai ƙarfi tun kafin na farko ya iso. Kowane abu a ba shi lamba, a rubuta sunansa, wanda ya kawo, wanda ya ƙera ko ya sassaƙa in an sani, aikin da ake yi da shi, kuma kyauta ne ko aro. Maganar aro da kyauta kada ka yi mata sakaci, don bayan rasuwar mai kaya 'ya'yansa za su zo tambaya. Lambar a rubuta a 'yar takarda mai kauri a ɗaura da zare, kada a zana ta da fenti a jikin abin. Sunan a rubuta shi da boko da ajami, a ƙara da yaren mutanen wurin. Mu muna sa na Fulatanci da na Miyanci idan mun samu mai faɗa mana. A Dass sai a sa Jaranci, a Kaltungo a sa Tangale.

Kada a goge tsufa daga jikin kaya. Akushi da turmi da muciya a share musu ƙura da busasshen tsumma kawai, ban da fenti, ban da man ƙyalli. Garma da hauya da lauje da magirbi a kankare tsatsa a hankali a shafa ɗan mai. Ƙwarya da masaki da ludayi a rataye su a ragaya inda iska ke ratsawa. Idan ka ga gari-gari yana zubowa daga jikin ɗaya, ƙwaro ya shiga, a ware ta daga sauran. Taiki da salka da duk kayan fata danshi ne maƙiyinsu, a ɗaga su daga ƙasa. Kowane abu a ajiye shi inda ake aiki da shi: tulu da randa a gindinsu, sungumi a jingine a zaure, mangala kusa da turke, mazari da abawa a ɗakin tsohuwa. Idan ka samu abu iri biyu, ɗaya a adana, ɗaya a bar wa yara su taɓa. Yaron da ya ɗaga taɓarya ya yi sussuka sau goma ya fi wanda ya karanta takarda fahimta. A bayan gida mun ware 'yar gona muna shuka tsofaffin iri, kaura da farfara da maiwa da gujiya da riɗi, da sungumi ake shuka da hauya ake noma.

Za a zo maka da kuɗi. Wani mutum ya zo mana da mota, ya zagaya, ya taya tsohon ƙyauren zaure da akussa biyu da farashin da ya girgiza wasu daga cikinmu. Mun ƙi. Ka sani Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, dokarta ta taƙaita cinikin kayan tarihi ta kuma hana fitar da su ƙasar waje ba da izini ba, sannan ita ce ke da ikon amincewa da gidajen tarihi masu zaman kansu. Ka rubuta mata ka sanar da abin da kuke yi. Idan wajen haƙar ƙasa aka ci karo da tsofaffin tukwane ko wani abu binne, a dakata, a yi hoto a inda yake, a sanar da hukumar. Gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe tun 1952, akwai ma'aikatan da suka san wannan aiki.

Baƙi, wuta da kuɗi

Idan akwai iyali a wani sashe na gidan, a fasa wa baƙi ƙofa daban, a ja danga tsakani. Ba a ɗaukar hoton matan gida sai da yardarsu. A tanadi makewayi mai tsabta da randar ruwan sha da tabarmi a inuwa. Wuta ita ce abin da ke hana ni barci daga Disamba zuwa Maris: a share ciyawa a kewayen gidan a bar fili fetal, a ajiye bokitan yashi da ganga cike da ruwa kusa da ɗakunan jinka, ba shan taba, kuma ranar da aka hura wuta mutum ɗaya ba ya barin wurin sai ta mutu murus.

Kuɗi kaɗan ne ke shigowa, kada ka yi wa kowa alkawarin albashi. Makarantu na ba da abin da ya sawwaƙa, mata na sayar da fura da faifai, masu zana na samun ciniki, 'yan uwa da ke birni na aiko da gudummawar yaɓe. Duk abin da ya shigo a rubuta, a karanta a gaban jama'a bayan sallar Idi lokacin da kowa ya zo gida. Yaɓe da baibaya da gayya muke yi, abinci kawai ake dafawa. Ranar 18 ga Mayu ita ce ranar gidajen tarihi ta duniya, amma a wurinmu ta faɗo daidai shirin shuka, don haka babban taronmu da kaka muke yi, ranar zuba dawa.

Ranar ana ɗaga hular rumbun da gwafa a jingine ta gefe. Ɗaya daga cikin yaran nan biyu, wanda yanzu shi ke yi mana gyaran sauran rumbunan, yakan hau tsani ya zura ƙafa ya sauka ciki da tsintsiya. Ya share, ya duba tsaga da ramin ɓera da fitilar hannu, ya barbaɗa toka ya shimfiɗa busasshen ganyen dogon yaro. Sannan a riƙa miƙa masa zangarniya yana jerawa a kewaye, kai ciki, yana takawa yana hawa da ita har kafaɗunsa su fito ta bakin rumbun. Sai ya fito, a ɗora murfi a liƙe gefensa da ɗanyar ƙasa, mutum huɗu su ɗaga hular su mayar.